Bashi hanji ne, ko kumfa ce mai jiran fashewa?

Malam Habu: Ni fa har gobe ban yarda cewa yawan bashin magidanta shi ne haɗari ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ku dubi Suwizalan da Ostareliya: abin da ake bin iyalai ya haura duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma ba su durƙushe ba. Muddin kadarar da aka saya tana nan, bashi yana da madogara.

Dakta Rabi: Malam, wannan "muddin kadarar tana nan" ita ce ta ci Amurka. Gida yana nan, farashinsa fa? Gida na 100, mutum ya sa 10 nasa, banki ya ba shi 90. Farashi ya sauka da kashi 20 cikin ɗari, gida ya koma 80, bashi kuwa ko gezau. Goman da ya sa ta tafi, ko ya sayar ma ana bin sa wata goman. Daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje a can ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Sani: Ga kuma kuɗin ruwa. Babban bankin Amurka ya ɗaga shi daga kashi 1 a 2004 zuwa 5.25 a 2006, alhali an cika masu ƙaramin ƙarfi da bashin da ruwansa ke da sauƙi shekara biyu kawai, daga nan sai ya bi kasuwa. Dala 200,000 na shekara 30 a kan kashi 3, biyan wata kusan 843 ne. A kan kashi 7 ya zama 1,331. Albashi bai motsa ba.

Malam Habu: To ai kun dawo kan maganata! Mugun bayarwa ne ya jawo, ba yawa ba. A 2022 da 2023 an sake ɗaga ruwan har sama da kashi 5, magidantan Amurka ba su watse ba, don yawancinsu sun ɗaure ruwansu na shekara 30.

Dakta Rabi: Wannan na ba ka. Sai dai Suwizalan da ka kawo, banki ba ya ba ka sai ka ajiye kashi 20 na kuɗin gidan, sannan ya lissafa ruwa a kan kusan kashi 5 ko da na kasuwa bai kai ba, ya ga ɗawainiyar gidan ba ta wuce sulusin samunka ba. Tambayar ita ce, wa ke riƙe wannan tsauri idan kasuwa ta yi daɗi? Masanin tattalin arziki Hyman Minsky ya kasa masu cin bashi kashi uku: mai biyan uwa da ruwa daga samunsa, mai iya biyan ruwa kaɗai yana sabunta uwar, da wanda ko ruwan ba ya iyawa, tashin farashi kawai yake jira. Idan shekarun daɗi suka yi tsawo, na ukun ne ke yawaita, don na farkon sun riga sun karɓa, banki kuma yana neman wanda zai ba. Saurin ƙaruwar bashi da lalacewarsa tare suke tafiya.

Alhaji Mudi: Abin da ba ku taɓo ba shi ne wanda bai ci ko kwabo ba. Mai bashi ya tsuke aljihu, ciniki ya ragu, kamfani ya sallami ma'aikata, su ma su kasa biya, banki ya yi gwanjon gidaje, farashi ya ƙara faɗuwa. Masanin tattalin arziki Irving Fisher ya zayyana wannan tun 1933. Bayan rushewar bankin zuba jari na Lehman Brothers a Satumban 2008, rashin aiki a Amurka ya kai kashi 10, a Sifen ya haura 26 a 2013. Japan kuwa, kasuwar hannun jarinta ba ta sake taka matsayinta na ƙarshen 1989 ba sai a 2024.

Malam Habu: Alhaji, na ji. Amma a bar tsorata mutane da jimilla. A gaya mini kashi nawa na samun gida ke tafiya wajen biya duk wata, kuma nawa ne ruwansa ke bin kasuwa.

Sani: Ƙara na uku, Malam: nawa ne aka ci don biyan wani tsohon bashin.