"Kama da wane ba ta wane": ina iyakar wannan karin magana?

Malamin sakandare, Tudun Wada:
Jama'a, ina neman fahimtarku. Duk lokacin da nake koya wa ɗalibai cewa masana suna kafa hujja da kamannin halittu a kan asalinsu ɗaya ne, sai wani ya tare ni da "kama da wane ba ta wane." Shin nan ne muhallinta?

Dattijo daga cikin Birni:
Malam, yaran ba su kauce hanya ba. Magabata sun yi wannan magana ne don jan kunnen mai yanke hukunci da ganin ido. Jemage yana da fiffike kamar tsuntsu, amma haihuwa yake yi, ya kuma shayar. A wurina, kamannin halittu alama ce ta Mahalicci ɗaya.

Ɗalibar likitancin dabbobi, Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka a kan tsuntsu, amma jemagen nan yana da wata shaidar. Idan aka shimfiɗa fiffikensa, za a ga ƙashi ɗaya a dantse, biyu a ƙasansa, sai ƙasusuwan wuyan hannu, sannan yatsu biyar, huɗu sun yi tsawo fata ta haɗe su. Tsarin hannun mutum ke nan, haka ma ƙafar gaba ta kyanwa, alhali aikinsu ya sha bamban. Raƙumin dawa, duk tsawon wuyansa, ƙashi 7 gare shi a wuya, daidai da namu. Karin maganar ta dace da kamar da bukata ta jawo, irin ta tashin jemage da na tsuntsu, ba irin wannan da masana ke kira gado ba.

Malamin sakandare:
Ƙwayoyin gado ma sun bi sahu. A 2005 aka fitar da jerin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, na birin cimfanzi, aka ga ya dace da namu da kusan kashi 99 cikin 100 a sassan da aka jera kafaɗa da kafaɗa. Masanan ba su ce cimfanzi ne ya haifi mutum ba, cewa suka yi kaka ɗaya ya haɗa su.

Dattijo:
Na saurara, 'yata, kuma na yarda cewa kamar fuska daban, kamar ƙashi daban. Ina nan a kan fahimtata game da asalin ɗan Adam. Sai dai Malam ya gaya wa ɗalibansa kada su riƙa toshe bakin malami da karin magana tun bai gama kawo hujjarsa ba.