Neman shawara: zan iya shiga dajin Jozani da Hajiya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan Ƙofar Marusa ne. In Allah ya yarda zan kai iyali tsibirin Zanzibar, har da Hajiyarmu, kuma yara sun matsa sai sun ga biran dajin Jozani. Damuwata gwiwar Hajiya. Ni daji in ba na Rugu ba ban san wani ba, shi ma rabona da shi tun kafin al'amura su lalace. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Wani malami daga Daura: Wa'alaikumussalam. Alhaji, kwantar da hankalinka, babu hawan dutse, shimfiɗaɗɗen wuri ne, kilomita wajen 35 daga birnin Zanzibar. Za a haɗa ku da ɗan jagora. Sai dai ƙasan akwai saiwoyi da duwatsu masu kaifi, kada kowa ya sa silifa. Wane wata za ku?

Mai tambaya: Afrilu, Malam.

Malamin: Kai! Tsakiyar damunarsu ke nan, daga Maris zuwa Mayu, kuma ba irin ruwanmu na Katsina da kan zuba ya ɗauke ba ne. Ka bari sai Yuli ko Agusta.

Wata uwa daga Ƙofar Kaura: Ni biran ne suka burge ni. Jan baya gare su da farin gashi a ka kamar tsoho ya tashi daga barci, kuma duk duniya a Zanzibar kawai ake samunsu. Har gawayi suke ci, yana taimaka musu narkar da ganye. Ba sa gudun mutane, to a nan matsalar take: ɗana ya miƙa hannu, sai da ɗan jagora ya daka masa tsawa. Ba a taɓa su, ba a ba su abinci, don ana iya ɗaukar cuta ta kowane ɓangare. Hajiya kuwa a bi da ita ta gadar katako da ta ratsa itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ta ga ƙaguwa a taɓo. Cikin kurmin ku bar wa masu ƙafa.

Wani ma'aikacin lafiya: Yallaɓai, katin rigakafin shawara na kowa ya zama a hannu, ana tambaya. A ga likita kan maganin zazzaɓin sauro kafin tafiya. Ku fita da sassafe, zafin can mai gumi ne.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Na mayar da tafiyar Agusta. Saura lallashin Hajiya ta sa kambas.