Tambaya a kan jirgin lilo na Formula Rossa da ke Abu Dhabi

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Za mu je Dubai a hutun ƙarshen shekara, babban ɗana kuma ya dage sai mun tsallaka Abu Dhabi an kai shi wurin wasannin Ferrari World da ke tsibirin Yas, domin ya hau jirgin lilon ƙarfen nan mai suna Formula Rossa. Da na kalli bidiyonsa gabana ya faɗi. Don Allah, me ke hana shi kaucewa daga kan dogonsa a irin wannan gudu?

Injiniya Sani:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoronki yana da dalili, domin jirgin yana kai gudun kilomita 240 a sa'a cikin daƙiƙa biyar ko ƙasa da haka. Amma tayoyinsa ba a bisa dogon kawai suke zaune ba kamar na jirgin ƙasa. Kashi uku ne: wasu a sama suna ɗauke da nauyi, wasu a gefe suna riƙe shi a kwana, wasu kuma a ƙarƙashi sun cafke ƙarfen, saboda haka ko ya so tashi sama babu hanya. Ba shi da inji a jikinsa. Wata na'ura mai aiki da matsin mai ce ke fizgar sa da igiyar ƙarfe tun daga farko, wannan ƙarfin ne kuma ke hayar da shi tudun mita 52. Birkinsa na maganaɗisu ne, wanda ke rage gudu ba tare da gogayya ba. Kamfanin Intamin ne ya ƙera shi, an kuma buɗe shi a 2010.

Abu Fatima:
Na taɓa hawa, Hajiya. Kafin a tashi sai an ba kowa tabarau mai igiya, domin a wannan gudun ƙwayar yashi ko ƙwaro na iya yi wa ido lahani. Ma'aikaci kuma yana bin kujera ɗaya bayan ɗaya yana jijjiga ƙarfen da ya danne cinya. Da aka sake mu, iska ta tura kumatuna baya, salati ma a zuci na yi shi.

Malama Hadiza:
Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar mai hawa. Ana hana masu ciwon zuciya, hawan jini, ciwon baya ko wuya, da mata masu juna biyu. Ana kuma auna tsayin yaro a bakin ƙofa, don haka ki duba ƙa'idar a shafinsu kafin ki sayi tikiti, kada ya sa rai ya je a hana shi hawa.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Shekarunsa 15, lafiyarsa ƙalau, zan bar shi ya hau tare da mahaifinsa, ni kuwa zan tsaya a ƙasa da ƙannensa.