Tambaya: yaya ake gane kifewar sifin a kiristal antiferomanyetik?

ɗalibi_Harobanda:
Salamu alaikum malamai. A Jami'ar Abdou Moumouni nake shirya aikin masta kan MnF₂ (manganis fuloraid), kiristal antiferomanyetik, wato wanda sifin ɗinsa, ƙananan maganadisun atom, ke fuskantar ɓangarori biyu masu gaba da juna. Idan an ƙara ƙarfin filin maganadisu, wace alama ce a sipektiroskofi (awon mitar igiyar da kiristal ke shanyewa) ke nuna sifin sun kife? Kuma dole ne sai da ruwan heliyom don sanyaya samfur?

malamin_fizik:
Wa alaikumus salam. Fara da lissafi kafin na'ura. Ƙasa da zafin Néel (zafin da sifin ke fara jeruwa), kelbin 67 a MnF₂, sifin na jere kan layin c (ɗaya daga layukan ginin kiristal), rabi sama rabi ƙasa. Ba fili, rezonans ɗin, wato mitar da sifin ke shanye igiya, yana wajen gigahaz 260. Ka sa fili daidai kan c, rezonans ɗin ya rabu biyu: reshe ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, kowanne da kusan gigahaz 28 a duk tesla guda. Raba 260 da 28, ka samu tesla 9,3. A nan ne reshen ƙasa ke kusan taɓa sifili, sifin su kwanta a gicciye da fili, wani sabon reshe ya ɓullo. Louis Néel ya hango wannan tun 1936. Maganadisun da ya tsaya a tesla 8 ba zai kai ka ba, kada ka wahalar da kanka.

injiniyan_labo:
Malam ya faɗi gaskiya, amma inda aikin ke lalacewa shi ne saitin kiristal. A MnF₂ karkatar da ba ta kai digiri ɗaya ba ta isa ta mai da tsallen ya zama lanƙwasa a hankali, reshen ƙasa ya juyo sama tun bai sauka ba. Sai ka yi zaton babu sauyin yanayi, alhali manne ne ya goce lokacin sanyaya. A tabbatar da layin c da hoton Laue (hoton X-ray mai nuna fuskar kiristal), a ɗora samfurin kan mazauni mai juyawa. A kafe mitar igiya, a riƙa jan fili sama sannan ƙasa, a kwatanta biyun. Siffar samfur ma na da tasiri: faifai mai faɗi da aka sa a gicciye da fili yana faɗaɗa wurin sauyin, don ɓangarorin da suka kife da waɗanda ba su kife ba suna zama tare.

bakon_Tawa:
Batun heliyom, ɗan'uwa, ka duba hematit, wani dutsen tama na ƙarfe. Sifin ɗinsa na juyawa da kansu a sauyin Morin, wajen kelbin 260. Can cikin sanyi sosai sai da fiye da tesla 6, amma kana matsowa kusa da 260 filin da ake buƙata na raguwa ƙwarai, kuma ruwan azot (nitrojin) ya wadatar wajen sanyaya. Sai dai a samu kiristal mai tsabta. Titaniyom kaɗan a ciki yana danne sauyin Morin, don haka dutsen da aka tsinto a daji sai an auna abin da ke cikinsa tukuna.