Expert-comptable: wace kalma za mu sa masa da Hausa?

1/ Ɗiyar yayata ta samu bak (shaidar gama sakandare) bana a Tawa, ta ce karatun expert-comptable take so. Inna ta tambaye ni wane aiki ne wannan. Na ce mai lissafin kuɗi. Ta ce, "To ɗan nan, ai kowane Alhaji a kasuwa yana da yaron da ke riƙe masa littafi." Tun ranar nake neman kalma.

2/ Hanyar doguwa ce. Bayan bak a yi karatun jami'a, a ci jarrabawar DESCOGEF (babbar shaidar karatun lissafi da sarrafa kuɗi), a yi shekara 3 ana koyon aiki ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware, sannan a kare kundi gaban kwamitin masu jarrabawa a karɓi DECOFI, wato shaidar zama expert-comptable. Wannan shaida tana aiki a ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Wasu kuma ta Faransa suke bi: shaidar DCG, sai DSCG, sai DEC. Ko wacce aka bi, wajen shekara 8 ce, kuma sai ONECCA, ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, ta sa sunanka a jerinta kafin ka buɗe ofishinka.

3/ "Akanta" kaɗai bai isa ba, don ya haɗa kowa da kowa. "Ma'aji" kuɗi yake ajiyewa, wannan ko ba ya taɓa kuɗin. "Ƙwararren akanta" shi na fi ji a rediyo, amma wanda ya shekara 20 a kanti ya ƙware, kuma doka ba ta ba shi matsayin nan ba.

4/ Wani malamina a Yamai ya ce "rantsattsen akanta", tunda suna rantsuwar kama aiki. Malam, Allah ya ƙara sani, na so ta ƙwarai. Sai dai a bakin mutane rantsattse ya koma mai kyan gaske: rantsattsen gida, rantsattsiyar mota. Inna za ta ɗauka tufafinsa ake yabo.

5/ Ni na tsaya kan "akanta mai hatimi". Abin da ya raba shi da saura sa hannunsa ne. In ya duba lissafin kamfani bisa tsarin lissafi na SYSCOHADA, wanda ƙasashe 17 na OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka) ke bi, ya buga hatiminsa, banki da masu haraji suna dogara da shi. In ƙarya ce, shi za a tuhuma. Bahaushe kuma ya san nauyin hatimi tun daga wasiƙun sarakuna da takardun alƙalai.

6/ An ce mani ai kowane ofis yana da abin bugawa a takarda. Gaskiya ne, amma ba kowa ake kira mai hatimi ba. Ga mace ma kalmar ba ta canzawa, jam'i kuma akantoci masu hatimi.

7/ Na gwada ta jiya a gida. Inna ta ce, "Wato in ta sa hannu, magana ta zauna?" Na ce haka ne, Inna. Ta sa wa ɗiyar albarka. 'Yan'uwa ma'aikatan rediyo na Tawa da Yamai, ku gwada ta a labarai ku faɗa mani yadda masu sauraro suka karɓe ta.