"Ido wa ka raina?" Shin wannan karin magana ta dace da halin hanta?

Malamar Adabi:
Assalamu alaikum. Karin maganarmu ta wannan mako ita ce "Ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum." A wasu wurare "yau da gobe" ake cewa. Ma'anarta a fili take, yawan gani na zubar da kwarjini. Abin da ya sa na kawo ta, akwai masu jingina ta ga hanta. Wai hanta ta raina abin da ke zuwa mata daga hanji don kullum tana ganinsa, shi ya sa ba ta faɗa da shi, ita kuwa kaluluwa da ta ga baƙo sai ta kumbura. Likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji, wannan amfani ya zauna kuwa?

Likitan Hanta:
Wa alaikumus salam, Malama. Rabinsa ya zauna. Gani kullum ɗin gaskiya ne. Hantar baligi ta kai kilo 1.5, kuma jinin da ke ratsa ta a kowane minti ya kusa lita 1.5. Kashi uku cikin huɗu na jinin nan ta babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji da saifa yake shigowa, ɗauke da narkakken abinci da ɓurɓushin ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji. Duk lomar tuwon da mutum ya haɗiya, yawancin abin da hanji ya tsotsa daga cikinta sai ya biyo ta nan. Da garkuwar jiki za ta ɗauki kowane ɗaya a matsayin maƙiyi, da hanta ba ta rabu da kumburi ba.

Inda na tsaya shi ne kalmar raini. Wanda ka raina ba ka kula da shi. Hanta kuwa kula take yi sosai. A cikin siraran hanyoyin jininta akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira Kupffer, waɗanda suka ci sunan Bajamushen da ya bayyana su a 1876. Suna manne da bango, suna cafke ƙwayar cuta su haɗiye ta. Bayan sun haɗiye sai su saki wani sinadari, IL-10, mai gaya wa sauran ƙwayoyin garkuwa su kwantar da hankali. An kama ɓarawo, an kuma hana a yi ihu. Wannan aiki ne, ba sakaci ba.

Mai Ɗakin Gwaji:
Likita, bari in cike ɓangaren kaluluwa, don sai an ajiye su gefe da gefe bambancin ke fitowa. Mu Hausawa ba mu cika ambatonta ba sai ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya, amma 'yan ƙulle-ƙullen nan suna nan ko lafiya lau muke, sun kai ɗaruruwa, yawancinsu ba su wuce girman wake ba.

A ce ƙaya ta soki mutum a ƙafa. A ƙarƙashin fata akwai ƙwayoyi masu rassa, aikinsu kai rahoto. Sai ɗaya ta haɗiyi guntun ƙwayar cutar, ta bi hanyar ruwan jiki har kaluluwar matsematsi. A can akwai mayaƙan garkuwa iri biyu, ƙwayoyin B suna gefen waje, ƙwayoyin T suna can ciki. Mai rahoto ta shiga unguwar T ta baje abin da ta kawo, ƙwayoyin T na ta zuwa suna dubawa suna wucewa, har a dace da wadda ta gane shi. To ganewa kaɗai ba ta isa. Sai mai rahoton ta ƙara da shaida ta biyu a jikinta, wadda ke nuna lallai akwai haɗari. In shaidun biyu sun cika, ƙwayar T ɗaya sai ta yi ta rabuwa har ta zama dubbai cikin 'yan kwanaki. Wannan cunkoso ne mutum ke ji ya taso masa yana zafi. Ƙwayoyin B kuma su kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin sinadarin kariyarsu ya yawaita a jini.

A hanta fa? Jini na tafiya a hankali, bangon hanyoyin kuma ɓule-ɓule yake kamar rariya, kowace ƙofa nanomita 100 zuwa 150 (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita). Ta nan ƙwayar T ke miƙa hannu ta taɓa naman hanta kai tsaye. Za a nuna mata shaida ta farko, ta biyun kuwa ba ta da ƙarfi, sannan a ɗora mata birki da ake kira PD-L1. Sai ta ɗan motsa, ta yi sanyi, ko ta mutu da wuri.

Baba Mai Goro:
To 'ya'yana, in haka ne ai an ɗauko karin maganar da ba tata ba. Raini cin fuska ne. Abin da kuka kwatanta haƙuri ne, wato kana da ikon ramawa ka danne. Ni da za a bi tawa, "mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa" ta fi kama da ita.

Malamar Adabi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Dafa dutse magana ce ta jiran sakamako mai nisa. Hanta ba jiran komai take yi ba. Kuma raini a cikin "ido wa ka raina" ba lallai cin fuska ba ne. Ana faɗarta ga ɗan da ya daina jin tsoron kawunsa don gida ɗaya suke kwana. Rashin firgita ne da sabo ya haifar, kuma a nan ina ganin ta taɓa gaskiya.

Likitan Hanta:
Malama, akwai hujjar da ke nuna ba sabo ne kaɗai ba. A 1969 Roy Calne da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila sun ba da rahoton dashen hanta daga alade zuwa wani alade, jikin ya karɓe ta ba tare da maganin danne garkuwa ba, alhali ƙoda ko fata da aka dasa haka jiki ƙin su yake yi. Abin da ya fi ɗaure kai, hantar da aka dasa ta kan sa jiki ya karɓi ƙodar da ta fito daga dabbar da ta ba da hantar. Ina sabo a nan? Baƙuwa ce fil, ranar ta zo, amma ta sanyaya masu gida. A mutane ma hanta ta fi ƙoda da zuciya sauƙin karɓuwa, har akwai 'yan kaɗan da likitoci ke janye musu maganin a hankali bayan shekaru, ana bibiyar jininsu da naman hantar. Kada wanda aka yi wa dashe ya karanta wannan ya ajiye maganinsa, yawancin mutane in sun daina jiki zai far wa hantar.

Sannan a 2004 masu bincike a Sidni ta Ostareliya sun nuna a jikin ɓeraye cewa wurin haɗuwar farko ne ke yanke hukunci. Ƙwayar T da ta fara ganin abu a kaluluwa ta kan fito mayaƙiya har ta illata hanta. Irinta sak da ta fara ganinsa a cikin hanta ba ta daɗewa a raye. Ido ɗaya ne, abin kallo ɗaya, zauren da aka gabatar da su ne ya bambanta.

Ungozoma:
Ni abin da ya dame ni shi ne masu cin moriyar wannan hali. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro hanta take fara sauka, ta yi kusan mako tana hayayyafa mutum bai ji komai ba. Ciwon hanta nau'in B ya fi muni. Baligi in ya kamu, fiye da 95 cikin 100 na kawar da shi. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kuwa, kusan 90 cikin 100 zai zauna masa, don garkuwarsa ba ta yi ƙwari ba, ga kuma hanta mai sanyaya faɗa. Zai girma ƙwayar cutar cike da jininsa, gwajin hanta na nuna lafiya, sai bayan shekaru faɗan ya tashi. Binciken ƙasa na 2018 a Nijeriya ya sami cutar a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64.

Shi ya sa nake cewa "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Allurar rigakafi ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so, rabin mililita a tsokar cinya, sannan allurar haɗaka, mai rigakafin cututtuka da dama lokaci ɗaya, a mako 6 da 10 da 14. A tsoka ake yi, sai 'yan rahoto su kai ta kaluluwar matsematsi, wato garkuwa ta fara sanin cutar a zauren da ake koyar da faɗa. Inda ake samun matsala wuri biyu ne. A haihu a gida a ce sai bayan suna za a fita da jariri, kwana bakwai sun tafi. Ko kuma a bar maganin ya daskare a firji, alhali tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi, in ya yi ƙanƙara ya lalace ko da ya narke. Uwar da ƙwayar cutar ta yi mata yawa a jini kuma ana ba ta maganin tenofovir, mai rage ƙwayar cutar, daga mako na 28 na ciki.

Baba Mai Goro:
'Yata, wannan ta icce ban da ja a kanta. Amma maganar tarbiyya ce, mai tanƙwarawa alheri yake nufi. Ku kiyaye kada a riƙa faɗarta ga cutar, ga allurar ta dace.

Mai Ɗakin Gwaji:
Likita, in hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, haƙurin nan na nan?

Likitan Hanta:
A'a, nan kam "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" ce. Tabo ya kan toshe ƙofofin rariyar, jinin hanji ya rasa hanya ya kewaye ta wasu jijiyoyi ba tare da ya bi ta gaban ƙwayoyin Kupffer ba. Ƙwayoyin cutar hanji sai su shiga jini, ko su faɗa cikin ruwan da ya taru a ciki. Don haka mai taurin hanta da cikinsa ya tara ruwa, in ya yi zazzaɓi ko ciwon ciki ko ya fara ruɗewa, a kai shi asibiti a ranar. Za a zuƙi ruwan da allura a ƙirga fararen ƙwayoyin jini na nau'in niyutirofil, in sun kai 250 a kowace maikirolita (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin sakamakon gwajin gano ƙwayar cutar da ke cikin ruwan ya fito.