Me ya sa Girkawan dā suka buga mujiya a jikin kuɗinsu?

Ɗan_Kurmi:
Salam jama'a. Wani abokina da ya dawo daga Turai ya ba ni kwabon yuro ɗaya na ƙasar Girka, na duba sai na ga mujiya a jiki da idanunta ƙuru-ƙuru, ya ce wai kwafin wani tsohon kuɗin azurfa ne na mutanen Atens. Abin ya tsaya min a rai wlh, mu nan mujiya ko kukanta aka ji sai a fara a'uziyya, su kuma har kan kuɗi? Don Allah masana a warware min.

Malamin_Tarihi:
Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Gaskiya abokinka ya faɗa, sunan tsohon kuɗin tetradirakma, wato dirakma 4 (dirakma sunan kuɗinsu ne), nauyinsa wajen giram 17 na azurfa zalla. A wurinsu mujiya tsuntsuwar Atina ce, abar bautarsu da suke jingina wa hikima da tsaron birnin, shi ya sa gefe ɗaya kan Atina ne da hular yaƙi, ɗaya gefen kuma mujiya da reshen zaitun da ɗan jinjirin wata da haruffa uku na farkon sunan mutanen birnin. Zaitun ɗin ma ba ado ba ne, sun yarda ita ta ba su itacen, kuma man zaitun na cikin manyan hajojinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne azurfar tasu ce, daga ma'adinan Lauriyon da ke kudu da Atens ake haƙo ta, bayi ne ke aikin cikin wahala mai tsanani, kuma a shekara ta 483 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da aka dace da sabuwar jijiyar azurfa mai yawa a cikin ƙasa, Temistokilis, wani jagoran Atens, ya lallashe su kada a raba kuɗin, a maimakon haka a ƙera jiragen ruwa na yaƙi, jiragen nan su suka karya Farisawa a yaƙin teku na Salamis a shekara ta 480.

Hajiya_Mai_Gwal:
Malam ka burge ni. Ni a ido na 'yar kasuwa hoton nan hatimi ne, ka ga mujiya ka san azurfar ba algus. Shi ya sa suka daɗe ba su canza zanen ba, har a Masar da kudancin Larabawa an riƙa kwaikwayonsa. Wasu da aka tono ma akwai sara a jikinsu, ɗan kasuwa ya datsa ya ga ko tagulla aka lulluɓe.

Ɗan_Kurmi:
Ikon Allah. To Malam duk garuruwansu mujiyar ce?

Malamin_Tarihi:
A'a kowane birni da tambarinsa. Korinti doki mai fukafukai, Afisa kudan zuma, tsibirin Rodos fure saboda sunan furen wardi a yarensu ya yi kama da sunan tsibirin. Amma na Egina ya fi taɓa ni, da farko kunkurun teku suke bugawa lokacin suna ji da kansu a fatauci ta ruwa, daga baya ya koma kunkurun tudu, kuma masana da yawa na danganta hakan da lokacin da Atens ta murƙushe su wajen shekara ta 457 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Almajirin_Fiƙihu:
Malam a ƙara da wannan, dirhamin da muke karantawa a babin zakka, nisabin azurfa dirhami 200, asalin kalmar daga dirakmar nan ta Girkawa ta gangaro ta hannun Farisawa har ta shigo Larabci.